Ciwon baya: Ba kullum ne gani ke korar ji ba

A wannan watan zan ɗan kauce wa batun littattafai da finafinai da muka saba tattaunawa a wannan shafi, in taɓo wani abu da ya addabi masu waɗannan sana'o'i guda biyu, wato ciwon baya. Dubi marubucin da ke duƙe kan takarda tun bayan sallar Isha'i har kiran assalatu. Dubi editan da ke wuni ya kwana gaban kwamfuta yana yanka hoto, ko mai ɗaukar hoto da kyamara a kafaɗa, ko yaran da ke jigilar janareta da fitilu daga wannan lokeshin zuwa wancan. Da wuya ka zauna awa biyu a majalisar 'yan fim ko taron marubuta ba ka ga wani ya miƙe yana dafe da ƙugu yana cewa "Wash Allah!" ba. Ni kaina ina cikin sahun, domin yau kusan shekara 12 ke nan muna gaisawa da ciwon kwankwaso, ya zo ya yi kwanakinsa ya tafi.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ƙididdigar da masana suka fitar a 2023 ta nuna cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne kan gaba a cikin lalurorin da ke hana mutane aiki da walwala. Da yake ba ya kisa, ba a yi masa gangami a rediyo, amma yana cinye ranakun aiki, ya cinye aljihu, wani lokaci ma har ya taɓa zaman aure.

Idan ka tambayi Bahaushe abin da ke kawo ciwon baya, amsar da za ka fi samu ita ce basir ko sanyi. Ka sha jin masu magani a tasha da bakin kasuwa, da lasifika a kan mota, suna ɗora wa basir komai, tun daga ciwon baya har kasala da rashin kuzari a shimfiɗa. Wannan tsohon bayani ne, mu bar shi sai wata rana. Damuwata a yau ita ce sabon bayanin, wanda ke zuwa da takarda da hatimi da Turanci mai kauri. Mutum zai je a ɗauki hoton bayansa, a fito a ce masa, "Ƙashin bayanka ya zaizaye," ko kuma, "Faifanka ya goce." Daga ranar sai ya ɗauki kansa tsagaggen tulu, wanda ko taɓa shi aka yi zai tarwatse.

Akwai wani abokina edita, ba zan faɗi sunansa ba, wanda bai kai shekara 40 ba lokacin da abin ya same shi. Ya sunkuya zai ɗaga janareta, sai ya ji baya ya riƙe. Bayan mako biyu ciwon bai tafi ba, sai ya tattara ɗan abin da ya ajiye ya je aka yi masa hoton nan mai tsada da ake kira MRI. Takardar sakamako ta fito da layi wajen goma. Ya kai wa wani ƙanensa ɗan boko ya fassara masa, shi kuwa ya duba ƙamus ya ce, "Yaya, kalmar da suka rubuta ma'anarta lalacewa." Shi ke nan. Mutumin da ya je wurin hoton a kan babur ɗinsa ya dawo gida ya kwanta. Ya daina zuwa sutudiyo, ayyuka uku da ke hannunsa aka karɓe aka ba wasu, ya sayi ɗamarar ƙugu, ya fara haɗiyar tiramadol safe da yamma. Da na je duba shi na tarar ana maganar sayar da filinsa na gado domin a kai shi Indiya a yi masa aiki. Na ce, "Malam, ciwon ne ya ƙaru?" Ya ce, "A'a, ciwon ma ya ragu. Amma ai ka ga hoton."

Wannan magana tasa ita ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kasuwa haka ne, a gaban alƙali ma haka ne. Amma a sha'anin ciwon baya, abin da na'ura ta gani da abin da jiki yake ji ba kullum suke tafiya hanya ɗaya ba, kuma likitocin duniya sun san haka fiye da shekara 30 da suka wuce.

Bari mu fara da shi kansa faifan. Ƙashin bayan mutum gaɓoɓi ne aka jera kan juna: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sai na can ƙasa da suka haɗe da juna. A tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani ɗan matashi, guda 23 gaba ɗaya, shi ne ake kira faifai. Ni dai na fi ganin kamarsa da gammo. Yadda mai tallar nono take naɗe tsumma ta ɗora a ka kafin ta ɗauki ƙwarya, haka Allah Ya sa wa gaɓoɓin nan nasu gammon don kada ƙashi ya gogi ƙashi. Gefensa zobba ne na zare mai ƙarfi, an jera su wani cikin wani, tsakiyarsa kuma abu ne mai taushi kamar ƙullu mai kauri, wanda a jikin matashi kimanin kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne.

Ruwan nan shi ne sirrin faifai. Idan ka wuni a tsaye, nauyin jiki zai matse shi ruwa ya ɗan fita. Idan ka kwanta da dare sai ya sake tsotsa. Shi ya sa idan ka auna tsawonka da asuba, ka sake aunawa da magariba, za ka tarar ka ragu da kamar santimita 1 zuwa 2. 'Yan sama jannati kuwa, da yake babu nauyin da ke danne su a can, har ƙarin tsawo suke yi, sai sun dawo ƙasa ya zube. Wani abin mamaki kuma, tsakiyar faifan babban mutum ba ta da jijiyar jini. Abincinsa tsatsafowa yake yi daga ƙashin da ke samansa da na ƙasansa, kamar yadda ruwa ke tsatsafowa a jikin sabuwar randa. Saboda wannan ƙarancin abinci ne faifai yake riga sauran sassan jiki tsufa, har ana iya ganin alamun hakan tun mutum yana ɗan shekara goma sha. Da shekaru suka ja sai ruwan ya ragu, faifan ya ɗan sauka, zobban gefe su ɗan tsattsage, ya ɗan kumburo kamar tayar da iskarta ta yi ƙasa. A hoton MRI faifai mai ruwa fari yake fitowa, busasshe kuma baƙi. To wannan bushewar ita ce ake fassara mana da "zaizaya" ko "lalacewa", kuma an fi ganin ta a faifai biyu na can ƙasan ƙugu, inda nauyin jiki ke taruwa.

Yaya aka yi faifai ya zama babban wanda ake tuhuma? A 1934 ne wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka wallafa rahoton da ya nuna cewa idan faifai ya fashe, tsakiyarsa ta ɓullo ta danne jijiya, shi ke kawo ciwon nan da ke sauka daga ɗuwawu zuwa ƙafa, kuma idan aka yi tiyata aka cire abin da ya ɓullo ana samun sauƙi. Gaskiya suka faɗa, mutane da yawa kuma sun amfana. Sai dai daga nan faifai ya zama kamar kura, duk akuyar da ta ɓace a ƙauye ita ake ɗora wa. Da na'urar MRI ta shigo asibitoci a shekarun 1980, abin ya ƙara ƙarfi, domin hoton ƙashi na da can ba ya nuna faifan kansa, sai dai ratar da ke tsakanin ƙasusuwa, ita kuwa wannan tana nuna shi ƙuru-ƙuru. Duk mai ciwon bayan da aka saka a ciki sai a ga wani abu, a ce ga ɓarawon.

Sai wasu likitoci suka yi tambayar da ta kamata: to su waɗanda ba sa jin ciwo, yaya nasu bayan yake? A 1994, a jihar Kalifoniya, aka samo mutum 98 da ba su da ciwon baya aka ɗauki hotonsu, aka ba ƙwararrun masu karanta hoto ba tare da an gaya musu na masu lafiya ba ne. Kashi 36 cikin 100 ne kawai aka samu duka faifan ƙugunsu lafiya lau. Kashi 52 suna da faifan da ya kumbura, kashi 27 kuma nasu har ya turo waje. Kuma duka mutanen nan suna harkokinsu, babu mai cewa wash.

A 2015 wasu masana ƙarƙashin wani likita na asibitin Mayo a Amurka suka tattara bincike 33 da aka yi kan mutum 3,110, dukansu marasa ciwon baya. Ga abin da suka samu game da bushewar faifai: a cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin 100 suna da ita; 'yan shekara 30, kashi 52; 'yan 40, kashi 68; 'yan 50, kashi 80; 'yan 80 kuwa kashi 96. Wato, mai karatu, idan ka tara magidanta goma 'yan shekara 50 daga sahun gaba na masallacin unguwarku, masu lafiya garau, ka saka su a na'urar nan, takwas za su fito da takarda irin ta abokina. Shi kansa abokin nawa, fiye da rabin sa'o'insa da ba su taɓa dafa ƙugu ba suna ɗauke da abin da ya kwantar da shi.

Ashe ke nan bushewar faifai furfura ce, sai dai a ciki take fitowa. Wani tana fito masa yana ɗan shekara 25, wani sai ya haura 50. Ka taɓa jin wanda ya je asibiti da ciwon kai likita ya dubi kansa ya ce, "Ga dalili nan, furfura ce"? Ai da dariya za a yi. To amma idan furfurar ta ƙashin baya ce, aka rubuta ta da Turanci, sai mu tsorata.

Wani abin kuma, shi kansa karatun hoton aikin ɗan'adam ne. A 2017 an wallafa labarin wata mata 'yar shekara 63 a Amurka, mai ciwon baya, wadda masu bincike suka tura ta cibiyoyin hoto 10 daban-daban a cikin mako 3. Baya ɗaya, mace ɗaya. Da aka haɗa takardun goma, aka ƙirga abubuwa 49 da aka ce an gani, amma babu ko ɗaya da ya fito a dukan takardun. Idan haka ta faru a can, to ka ga bai kamata mutum ya sayar da gona a kan takarda guda ba.

To amma kada ka ce na ce babu alaƙa sam tsakanin bushewar faifai da ciwo. Akwai. Su waɗancan masana, a shekarar ta 2015, sun kuma kwatanta 'yan shekara 50 zuwa ƙasa masu ciwon baya da marasa ciwo, suka ga cewa bushewa da kumburi da fashewar faifai sun fi yawa a wurin masu ciwon. Akwai kuma dalilai da hankali zai ɗauka. Zobban waje na faifai suna da jijiyoyin jin zafi, idan suka tsage ana iya ji. Ƙashin da ke manne da busasshen faifai kan yi kumburi. Idan faifai ya sauka, nauyi kan koma kan wasu ƙananan mahaɗai da ke bayansa. A wurin dattawa kuma hanyar da jijiyoyi ke bi kan ƙuntata, shi ya sa za ka ga tsoho in ya ɗan yi tafiya ƙafafu su yi masa nauyi, sai ya zauna ko ya sunkuya ya ji daɗi. Alaƙar tana nan kamar ta hadari da ruwa. Inda hadari ya haɗu an fi sa ran ruwa, amma sau nawa ka ga ya haɗu baƙi ƙirin ya watse ba ɗigo, sau nawa kuma ruwa ya sauko ana tsakar rana?

Dalili shi ne baya ba faifai ne kaɗai ba. Akwai tsoka, akwai jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi, akwai mahaɗai, kowanne yana iya ciwo ba tare da ya fito a hoto ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ƙasan baya, ba a iya nuna wuri guda a ce ga tushen ciwon. Sannan an tabbatar da cewa rashin barci, damuwa, ƙiba, shan taba da tsoron ciwon kansa suna sa ya daɗe ko ya tsananta. Kai ma ka lura, ranar da mai gidan haya ya yi maka waya, ko furodusa ya riƙe maka kuɗin aiki, ranar ce bayan ke fi tsami. Wannan ba yana nufin ciwon ƙarya ne ba. Ciwo ne na gaske, sai dai ƙwaƙwalwa ce ke murɗa masa sauti, ta ƙara ko ta rage.

Me ke sa faifan wani ya riga na wani bushewa? Da can an ɗauka aikin ƙarfi ne, wato baya kamar sabulu yake, yawan amfani ke cinye shi. Sai aka yi wani bincike a ƙasar Finlan a kan tagwaye maza masu kama ɗaya, tagwaye 115, wanda aka wallafa a 1995. A cikinsu akwai inda ɗaya ya ƙare rayuwarsa a aikin ƙarfi, ɗan'uwansa kuma a zaune. Da aka ɗauki hoton bayansu sai aka ga sun yi kama ƙwarai, bambancin da sana'a ta kawo kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da suka gado. Wato kamar sanƙo ne, yana bin gida. Taba kuwa an kama ta da laifi: a wani bincike na 1991 kan tagwaye 20 da ɗaya ke sha ɗaya ba ya sha, bushewar faifan mashayan ta fi ta 'yan'uwansu da kashi 18 cikin 100. Saboda haka ɗan dako da mai garuwa su kwantar da hankalinsu, bayansu ba narkewa yake yi ba.

Sai dai yadda ake ɗaga kaya yana iya tayar da ciwo, kamar yadda ya faru da abokina. A 1999 wasu masana a Jamus suka wallafa sakamakon wani gwaji, inda wani mutum ɗan shekara 45 ya yarda aka saka masa ɗan ma'auni a cikin faifan ƙugunsa ya wuni da shi. Aka ga matsin da ke kan faifai a tsaye ya ninka na kwance sau 5. Ɗaga kilo 20 a sunkuye da lanƙwasasshen baya ya ninka na tsayuwa fiye da sau 4, amma idan kayan na manne da jiki matsin bai kai rabin haka ba. Kilo 20 kuwa shi ne jarkar ruwa guda. Zama a miƙe, a gwajin nan, kusan daidai yake da tsayuwa. Don haka 'yan'uwana editoci da marubuta, kujera ba ta cin faifai. Daskarewa a wuri ɗaya na awa biyar ita ke sa tsoka ta ƙage.

Saura batun faifan da ya fashe da gaske ya danne jijiya. Alamarsa ciwo ne mai kamar wutar lantarki da ke bin ƙafa ɗaya har ƙasan gwiwa, wani lokaci da sagewa ko jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa. Wanda ya taɓa ɗanɗana shi ba ya so maƙiyinsa ma ya ji. Amma ko a nan akwai rahamar Ubangiji: jiki yakan ɗauki abin da ya ɓullo a matsayin baƙo ya riƙa cinye shi a hankali. Wani nazari na 2017 da ya haɗa bincike da dama ya nuna cewa kimanin biyu cikin uku na irin wannan fashewa suna motsewa da kansu ba tare da wuƙa ba. A ƙasar Holan kuma, a 2007, an raba mutum 283 masu irin wannan ciwo gida biyu, wasu aka yi musu tiyata da wuri, wasu aka ce su jira ana kula da su. Waɗanda aka yi wa aikin sun riga samun sauƙin ƙafa, kuma kashi 39 cikin 100 na masu jiran daga baya sai da aka yi musu. Amma bayan shekara guda, kimanin kashi 95 na kowane rukuni sun ce sun warke. Tiyata tana da ranarta, musamman ga wanda ciwon ƙafa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ko ƙafar ta fara rauni. Amma ba a yi wa furfura tiyata.

Kwanciya fa? Tun 1986 wani bincike a jihar Texas ya nuna cewa wanda aka ce ya kwanta kwana 2 ya warke daidai da wanda ya kwanta kwana 7, kuma ya riga shi komawa aiki. A 1995 aka sake gwadawa a birnin Helsinki, aka ga waɗanda suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iyawa sun riga masu kwanciya warkewa. Doguwar kwanciya tana sa tsoka ta saki, gaɓoɓi su ƙage, zuciya ta karaya. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa, inda ta ba da shawarar wayar da kan majinyaci, motsa jiki, tausa da magungunan kumburi na ɗan lokaci, ta kuma ce a guji dogaro da ɗamarar ƙugu, da jan baya da na'ura, da magunguna masu sa maye dangin tiramadol. Su ma magungunan kumburin, irin su diklofenak da ibufurofen, a yi hattara. Haɗin nan da ake ƙulla wa mutane a leda a kemis, ƙwaya huɗu ko biyar a watsa baki ɗaya kullum, hanya ce ta gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunne sosai, domin akwai ciwon bayan da ba a wasa da shi. Idan fitsari ya riƙe, ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida ya kufce, ko tsakanin cinyoyi ya sage, to ranar za a tafi asibiti, ba a jiran gari ya waye, domin jijiyoyin can ƙasa ne aka shaƙe kuma jinkiri na iya barin mutum da nakasa. Haka idan ƙafa tana ƙara rauni har takalmi na zamewa. Haka idan ciwon ya zo da zazzaɓi, zufar dare da rama, ko ya ƙi lafawa ko a kwance. A ƙasarmu tarin fuka na kama ƙashin baya, shi ne kan bar mutum da ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu, alhali maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mai sikila, da wanda ya taɓa yin kansa, da wanda ya faɗo daga babur, da tsohuwar da ta ɗan zame a banɗaki, duk waɗannan hoto ya zama dole a kansu. A irin wannan hali ba a zuwa wurin mai ɗori, ba a sa yaro ya taka bayan. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna da ƙwararrun wannan fanni.

Shi abokina, Allah Ya taimake shi kafin a yi cinikin filin aka kai shi wurin wani dattijon likita. Kafin ya taɓa takardar hoton sai da ya saurare shi, ya tambaye shi batun fitsari da zazzaɓi da barci, ya sa shi ya yi tafiya a kan dunduniya da kan yatsu, ya ɗaga masa ƙafa, ya ɗan ƙwanƙwasa gwiwarsa da 'yar guduma. Sannan ya ɗauki hoton ya duba, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, da ni zan shiga na'urar nan, nawa sai ya fi naka muni, ga ni kuwa ina aiki." Ya tura shi wurin masu gashin ƙashi suka koya masa motsa jiki. Cikin wata biyu ya koma sutudiyo. Abin da ya fi ba shi wahala ma shi ne rabuwa da tiramadol, wanda ya ɗauke shi lokaci fiye da ciwon da ya sa ya fara sha.

Ni a nawa ɓangaren, abin da ya zaunar da ni lafiya da wannan baƙo ba shi da tsada. Tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan sallar Asuba. Idan ina rubutu, ba na wuce minti 40 ban miƙe na ɗan zagaya ba. Idan ya motsa, sai in sa tawul a ruwan zafi in gasa wurin, in rage aiki kwana biyu ko uku, in ya matsa in yi salla a zaune tunda addini ya yi rangwame, da ya lafa kuma in koma ruku'u da sujada kamar kowa. Ban ce wannan zai yi wa kowa ba, jiki da jiki akwai bambanci.

Ke kuma 'yar'uwa mai karatu, na san naki ya fi namu. Shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a duƙe, jan ruwa, ga goyo a baya wani lokaci ga ciki a gaba, kuma in kin ce baya na ciwo a ce raki ne. Magidanta, doguwar tsintsiya da ɗan teburin wanki da kujerar zama a madafa ba su kai kuɗin katin waya na wata guda ba.

Idan har ta kai an miƙo maka takardar hoto, kada ka kai wa mai ƙamus. Koma wurin likita ka yi masa tambaya uku cikin ladabi. Shin abin da hoton ya nuna ya dace da wurin da nake jin ciwon? Shin sa'o'ina da ba sa ciwo su ma ana samun su da shi? Idan na jira wata uku ina motsa jiki, me zan rasa? Likitan kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Idan kuma an ambaci tiyata alhali babu ɗaya daga alamomin haɗarin da na lissafa, to nemi ra'ayin likita na biyu kafin ka kira dillali.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, mu kuma Ya ƙara mana lafiya mai amfani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.